Mun Sayi Gida: Sunan Wa Za A Rubuta A Takarda?

 Mako biyu ke nan ba ku ji ni ba, har wasu sun aiko suna tambayar ko lafiya. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Tashi muka yi. Duk wadda ta taɓa kwashe kayan gida da yara uku, ga kuma aikin dare a asibiti, ta san ba a haɗa wannan da riƙe biro. Abin da ya bambanta wannan tashin da na baya shi ne, a wannan karon gidanmu muka koma. Bayan shekara 11 muna haya, Allah Ya nufa mun sayi namu.

Ina so a taya ni addu'a, amma ba don a yi mini barka kaɗai na kawo zancen ba. Akwai wata magana da ta kusa wargaza cinikin, kuma ba daga mai sayarwa ko dillali ta ɓullo ba, daga cikin ɗakina ta taso. Ita nake so mu tattauna yau. Bari dai in faro daga tushe.

A 2014 aka kawo ni Gyadi-Gyadi, ciki da falo a gidan haya mai iyali huɗu, rijiya ɗaya, banɗaki biyu. Daga nan mun zauna a gida uku, duk a cikin unguwar. Ɗaya an ce ɗan mai gidan zai yi aure. Ɗaya an sayar da shi muna ciki, ni kuma ina da cikin wata takwas. Ba mu bar Gyadi-Gyadi ba saboda kusa take da wurin aikina, Adaidaita ɗaya nake hawa, islamiyyar yara kuma da ƙafa suke zuwa. Sai dai kusancin nan kuɗi ne. Unguwar da ke bakin titin Zariya, ga Asibitin Malam Aminu Kano a gefe, ma'aikata da ɗalibai da masu shaguna kowa na neman wuri, ba a rasa wanda zai ƙara a kan abin da kike biya.

A farkon 2024 mai gidan da muke ciki ya aiko cewa haya ta tashi daga naira dubu 550 zuwa dubu 850. Ban ga laifinsa sosai ba. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, buhun siminti ya haura naira dubu 10 a lokacin, kafin shekarar ta ƙare kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Shi ma da nasa iyalin. A daren muka zauna da Abban yara muka tara duk kuɗin hayar da muka biya tun aurenmu. Ya kusa miliyan 3, ko ƙusa ɗaya ba tamu ba ce a bango. Ina da wani lemon tsami da na shuka a bokitin fenti tun haihuwar babbar 'yata, duk gidan da muka koma da shi ake loda kaya, don ba mai barin ɗan haya ya haƙa masa tsakar gida. Na dubi bokitin nan na ce, kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ga yadda kuɗin ya taru, don na san za a tambaya. Abban yara malamin makaranta ne, yana ɗan taɓa kasuwanci. Yana da filin awon igiya da ya saya a 2017 wajen Mariri, ya sayar da shi miliyan 5 da rabi. Ya sayar da motarsa miliyan 3 da rabi, ya koma kan babur. Nasa ya kama miliyan 9. Ni kuma na kai gwala-gwalaina kasuwa, har da sarƙar lefena, aka ba ni miliyan 3. Kwasar adashi biyu ta ba ni miliyan 1 da rabi. Ƙungiyar ajiya da lamuni ta ma'aikatan wurinmu ta ba ni bashi marar ruwa na miliyan 2 da rabi, ana cira daga albashina har shekara 3. Nawa ya kama miliyan 7. Jimilla miliyan 16.

Wata za ta ce ina Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda tun 1992 doka ta kafa, ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci dominsa? Yana nan, kuma ana ba da lamuni mai dogon zango daga cikinsa, amma da ruwa na kashi 6 cikin 100, mu kuma zuciyarmu ba ta kwanta da shi ba. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Sai dai banki kowane iri ne yana son gida mai cikakkiyar takardar gwamnati, gidan da ƙarfinmu ya kai kuwa ba irinsa ba ne.

Wata tara muka yi muna yawon duba gidaje. A Gyadi-Gyadi kuɗinmu ko kango bai saya ba, sai muka matsa cikin ƙaramar hukumarmu ta Tarauni: Darmanawa, Daurawa, Unguwa Uku, da cikin Taraunin kanta.

Gida na farko da ya kwanta mana a rai na gado ne. Har Abban yara ya ɗauko kafin alƙalami, na ce a tambaya magada nawa ne. Aka ce tara. Da muka nemi ganinsu, sai takwas suka bayyana, ta taran tana aure a wani gari, ba a ma faɗa mata za a sayar ba. Muka janye. Gidan gado, in dai ba duk magada ne suka sa hannu ba, ko kuma kotu ce ta raba ta ba da takarda, shari'a kika saya ba gida ba.

Na biyu mun gan shi da rani, fenti sabo fil. Allah Ya sa ciniki ya ja har watan Agusta. Wata rana na taso daga aikin dare an kwana ana ruwa, na ce wa mai Adaidaita ya bi da ni ta layin. Ruwan kwata har gwiwa, maƙwabta na kwalfewa da bokiti. Tun daga ranar nake cewa, gida da damina ake zuwa ganinsa, kuma maƙwabciya ake tambaya ba dillali ba.

Na uku shi ne rabonmu. Tsohon gini ne a rabin fuloti, can cikin lungu a Tarauni, ɗaki uku da falo, da 'yar tsakar gida da rijiya. Ba shi da satifiket, takardun ciniki ne na mutum uku da suka riƙe shi a jere, kowace da sa hannun mai unguwa. A nan ne lauyan da muka ɗauka ya yi mana bayanin da ya kamata kowace mace ta sani. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha a hannun gwamna take bisa amana. Takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa izinin riƙewa ce na wa'adi, yawanci shekara 99 ga gidan zama. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta hana katafila idan ginin ya hau hanya, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta. Wanda ya ga rusau na 2023 a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Don haka kafin mu ba da ko kwabo, lauya ya kai bayanan wurin hukumar KANGIS da KNUPDA aka duba matsayinsa. Muka kuma nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe.

To, yanzu ga maganar da ta tara mu.

Ana saura kwana biyar a biya kuɗi, Abban yara ya shigo da takardar da lauya ya tsara don mu karanta. Na bi ta layi-layi. Wurin mai saye, sunansa ne shi kaɗai. Ba ɓoye mini ya yi ba, shi da kansa ya miƙo mini. A wurinsa haka ake yi, haka mahaifinsa ya yi, haka yayyensa suka yi.

Na kwana ban yi barci ba. Abin da ya hana ni barci kuwa wata mata ce da na yi jinya shekarun baya, ba zan faɗi abin da za a gane ta ba. Hawan jini ya kawo ta, kwana kaɗan da fita takaba. Duk maganin da aka ba ta, da dare sai jinin ya sake hawa. Wani dare ina gwada ta wajen ƙarfe biyu, ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, ba gishiri ba ne." Shekara 20 tana sayar da abinci, da kuɗinta aka yi rufin gidan, da kuɗinta aka ja ɗakuna biyu. Mijin mutumin kirki ne, bai taɓa musun haka ba. Amma ya rasu bai rubuta ba. Da aka zo rabon gado aka tambaye ta shaida. Wanda ya sani yana kabari.

Mu yi lissafin da gidanmu. A Musulunci matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya. Idan gidan miliyan 16 sunansa ne shi kaɗai, rabona miliyan 2, ni da na zuba 7. Idan mu biyu ne matan, miliyan ɗai-ɗai. Idan kuwa an rubuta cewa kashi 7 cikin 16 nawa ne, za a fara ware mini nawa, sannan a raba nasa, in kuma karɓi tumunina a ciki. Shari'a ba ta zalunci kowa ba. Ita abin da mamaci ya mallaka take rabawa. Mu ne muke kasa nuna mata wanne ne nasa, wanne ne namu.

A wurin aikinmu akwai ƙa'idar da ake koya wa kowace nas tun tana ɗaliba: allurar da kika yi ba ki rubuta a fayil ba, daidai take da wadda ba a yi ba. Ba don ana zargin ki da ƙarya ba. Don dai za ki tashi daga aiki, wata ta karɓe ki, ita kuma abin da ta gani a rubuce da shi za ta yi aiki. Haka rayuwa take. Wata rana za mu tashi, wasu su karɓa.

Da safe bayan yara sun tafi makaranta na kai masa shayi na zauna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Abban yara, ina da magana a kan takardar nan. Ina so a sa sunana tare da naka, a rubuta abin da kowa ya kawo."

Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shekara 11, yau ne kika ga alamar zan cuce ki?"

Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Na ce, "Ba kai nake tsoro ba. Ranar da ba ka nan nake tsoro, ko ranar da ba na nan."

Ya tashi ya fita bai ce komai ba. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya kai maganar wurin yayansa, shi kuma ya ce masa, "Ka yarda da wannan, ranar da kuka saɓa za ta nuna maka ƙofa. Kuma mutane su ji, su ce gidan mace kake zaune." Ban ji daɗin maganar ba, amma da na natsu na ga tsoron nasu ba na banza ba ne. Akwai matan da suke gori. Duk mun san gidan da miji ba ya iya ɗaga murya saboda kullum ana tuna masa kuɗin wa aka sa. Idan muna so maza su yarda su rubuta, sai mu ma mun riƙe harshenmu.

A rana ta huɗu ya tsaya bayan sallar Asuba ya tambayi limamin masallacinsu. Ya dawo ya same ni a kicin ya ce, "Sista, zo ki ji." In ya kira ni Sista, to fushi ya sauka.

Malam ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka umarta, ba maƙiyan juna ba. Ya ce masa samar da wurin zama wajibin miji ne, dukiyar mace kuma tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Saboda haka kuɗin da mace ta sa a gida dole ya zama ɗaya cikin uku: ko kyauta, ko bashi, ko tarayya. Kowanne halal ne in da yardarta. Abin da ke jawo fitina shi ne a bar shi ba suna, ita tana ganin tarayya ce, shi yana ganin kyauta ce.

Abin da ya fi taɓa shi kuwa shi ne da Malam ya juya lissafin. Ya ce, in ita ce ta riga ka fa? Kasonta gado ne. Kai kana da rubu'i, mahaifiyarta tana da sudusi, mahaifinta ma haka, saura na 'ya'ya. In ba a rubuta ba, za ka ci gaba da zama a kan haƙƙin surukarka ba ka sani ba, ka je ka tarar da shi a gaban Allah. Abban yara ya ce mini, "Ni ban taɓa kallonsa ta nan ba. Ina ce kare kanki kike yi, ashe har da ni."

Muka zauna muka zaɓa. Kyauta dai ban yi niyya ba, kuma na faɗa masa gaskiya, don bashin da na ci shekara 3 zan yi ina biya. Bashi kuma, a yadda naira ke zubewa, miliyan 7 ta yau ba ita ce ta shekara 10 masu zuwa ba. Muka tsaya a kan tarayya: shi kashi 9, ni kashi 7, cikin 16. Gida ya yi daraja mu ƙaru tare, ya faɗi mu yi asara tare.

Tunda an buɗe, sai na ƙarasa da wadda ta fi nauyi a baki. Na ce, "In Allah Ya nufe ka da ƙara aure fa?" Ya yi dariya ya ce da wane kuɗin, shi da ke kan babur. Na ce ai ba a san gobe ba. Muka yi magana ta hankali. Ƙarin aure haƙƙinsa ne, ban isa in hana ba. Amma sanya wata a gidan da muke tarayya sai da yardata, kamar yadda ni ma ba zan sayar da kasona ko in zuba 'yan haya ba da yardarsa ba. Wannan ma lauya ya sa a takarda. Na san wasu za su ce na cika ƙarfin hali. Ni dai na ga gara a yi maganar yau ana dariya, da a yi ta gobe a gaban alƙali.

Ranar biyan kuɗi a soron mai unguwa aka zauna. Ta banki aka tura kuɗin zuwa asusun mai gidan da sunansa, ba a hannu ba, ba kuma ta hannun dillali ba. Shaidu biyu ta wajensa, biyu ta wajenmu, ɗaya ƙanin mahaifina ne. Da aka karanto sunayen masu saye, mai unguwa ya ɗaga kai ya dube mu. Abban yara ya ce, "Ranka ya daɗe, tare muka saya." Mai unguwa ya ce, "Madalla. Da haka ake yi, da zaman sulhun da nake yi ya ragu." Yayansa ma ya sa hannu a matsayin shaida, ko da yake bai yi fara'a sosai ba. Neman satifiket kuma mun shigar da shi da sunayen biyu, muna jira.

Wani abin da ba mu lissafa ba shi ne kuɗin da ke bayan kuɗin gida. La'adar dillalai, kuɗin lauya, gyaran rufi, yashe rijiya, sabon wayarin na wuta, motar kwasar kaya, sai da suka ci fiye da miliyan 1. Firjina na sayar, har yanzu a randa muke sanyaya ruwa. Duk mai shirin saye ta ware wannan tun farko, kuma a yi maganar la'ada kafin a sallama, ba bayan an sallama ba.

'Yar uwa, idan kin riga kin sa kuɗinki a gida ko fili shekarun baya ba a rubuta ba, lokaci bai ƙure ba tunda duk kuna raye. Ba sai an sauya takardar gida ba ma. Takarda ɗaya ta isa, a rubuta nawa kika bayar, yaushe, kuma a matsayin me, ya sa hannu, ki sa, shaidu biyu su sa, kowa ya ajiye kwafi, ki kuma ɗauki hotonta a waya. Ki zaɓi lokacin da yake cikin walwala, kada ki tayar da ita a tsakiyar faɗa, kada kuma ki fara kai ta gidanku kafin shi ya ji. In kin ga bakinki ba zai iya ba, ki nemi malami ko babban da yake jin nauyinsa. In kuma zuciyarki ta ba ki kyauta za ki yi masa, Allah Ya ba ki lada, amma ki furta, ki san kin bayar, kada ki zo kina ƙunar rai daga baya.

Gidanmu ba abin nunawa ba ne. Mota ba ta shiga layin, fentin falo ma sai bayan salla. Yanzu Adaidaita biyu nake hawa zuwa aiki. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ranar Juma'ar da ta wuce Abban yara ya fasa bokitin fentin nan, saiwoyin duk sun nannaɗe sun rasa wurin zuwa, shi da yara suka haƙa rami kusa da rijiya suka dasa lemon. Auta ya tambaye ni ko in za mu tashi da shi za mu tafi. Na ce masa wannan karon ya zauna ke nan, in sha Allahu.

Ina son jin naku. Wadda ta taɓa yin wannan magana da maigidanta, yaya ta kaya? Wadda take ganin na yi kuskure ma ta faɗa, fili na kowa ne. Masu haya, Allah Ya hore muku naku cikin sauƙi da halal. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan zazzaɓin yara da yadda ake gane wanda ba a kwana da shi a gida. Na bar ku lafiya.